Sabuwar Sandar Golf ta Dala 600: Nisan Bugu Ake Saye ko Daɗin Bakin Talla?

A watan Mayun 2025, ana dab da fara gasar PGA Championship a filin Quail Hollow da ke birnin Charlotte na Amurka, masu gwaji na hukumar golf ta ƙasar, wato USGA, suka karɓi sandunan wasu 'yan wasa domin aunawa. Sandar da suke nema ita ce ta bugun farko, wadda ta fi kowace tsawo da girman kai a jakar ɗan golf, wadda 'yan wasa ke kira direba. Cikin waɗanda tasu ta faɗi gwajin har da manyan gwanayen duniya biyu: Rory McIlroy, wanda wata guda kafin nan ya lashe gasar Masters, da Scottie Scheffler. Ba maguɗi suka yi ba. Fuskar direba siririya ce ƙwarai, idan ta sha bugu dubbai sai ta ƙara laushi, ta fara cilla ƙwallo fiye da abin da doka ta yarda. Scheffler ya ɗauko wadda ya ajiye saboda irin wannan rana, ya cinye gasar da ratar bugu biyar.

Akwai abin da ya fi faɗuwa gwajin muhimmanci ga mai shirin sayen sanda. Su biyun duka sandar kamfanin TaylorMade mai suna Qi10 suke riƙe da ita, wadda ta fito a farkon 2024, alhali tun watan Janairun 2025 kamfanin ya fitar da magajiyarta, Qi35, yana tallarta a ko'ina. McIlroy ya gwada sabuwar a gasar Bay Hill a watan Maris, kafin zagayen ƙarshe ya sa aka kawo masa tsohuwar. Da ita ya ci Masters. Scheffler ma da ƙirar 2024 ya ci PGA, ya ƙara da gasar Open a watan Yuli. Mutanen nan kamfanin yana biyansu kuɗi masu yawa don su riƙe kayansa, injiniyoyinsa suna biye da su gasa bayan gasa, kuma yadi biyar kacal na iya raba su da miliyoyin daloli. Da a ce sabuwar sanda tana ba su wannan yadi biyar, ba sai an roƙe su ba.

Duk da haka, wanda ya ce fasahar direba ƙarya ce daga tushe bai san tarihin wasan ba.

Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, akasarin ƙwararru da kan itace suke bugun farko. Icen da aka fi so shi ne fasimon na Amurka, ɗan'uwan kanyar da muka sani, mai tauri da nauyi. Kan ƙarami ne, wurin da ake so ƙwallo ta taɓa a fuskarsa bai fi kwabo ba, kuskure kaɗan ƙwallo ta nufi daji. A 1979 wani mai sayar da kayan golf, Gary Adams, ya ci bashi a kan gidansa ya kafa TaylorMade a jihar Illinois, ya fara ƙera kan direba da ƙarfe mai rami a ciki. Ramin nan shi ne mabuɗin komai, domin ya ba maƙera damar kwashe nauyi daga tsakiya su kai shi gefe-gefe.

Wanda ya mayar da wannan dabara babbar kasuwa shi ne Ely Callaway, dattijon da ya yi kuɗi a masana'antar yadi kafin ya shigo golf. A 1991 ya fitar da Big Bertha, sunan wata ƙatuwar igwa ta Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Girman kanta santimita kubik 190 ne, wanda a yau za a ga ƙanƙantarsa, amma a lokacin kallon dodo aka yi mata. A 1995 aka yi Great Big Bertha da titaniyom, ƙarfen da ya fi baƙin ƙarfe sauƙin nauyi ga kuma ƙarfi, kai ya haura kubik 250, farashi ya kai kusan dala 500. Mutane suka yi ta saye, kuma ba a yaudare su ba. Kan ya yi girma ba tare da ƙarin nauyi ba, ƙota ta koma ta zaren kabon ta ƙara tsawo, fuska ta yi siririya har tana lotsawa ta dawo kamar sifirin a lokacin da ta haɗu da ƙwallo. Bernhard Langer na Jamus, da ya ci Masters a 1993, shi ake lissafawa a matsayin na ƙarshe da ya ci babbar gasa da direban itace.

Alƙaluman gasar ƙwararru ta PGA Tour sun nuna abin da ya biyo baya. A 1980, shekarar da aka fara ajiye lissafi, matsakaicin nisan bugun farko kusan yadi 257 ne. Zuwa 1993 da ƙyar ya kai 260. Daga nan zuwa 2003 ya yi tsalle zuwa kusan 286. Yadi ashirin da shida cikin shekara goma, bayan shekara goma sha uku da ba a samu fiye da uku ba. A 1997 John Daly ya zama na farko da matsakaicinsa ya haura yadi 300 a kaka guda, aka yi ta mamakinsa. A 2024 matsakaicin dukkan 'yan wasan gasar ne ya kai nan.

Sai dai ba direba kaɗai ta yi wannan aiki ba, kuma masu tallar sanduna ba su cika tuna wa mutane ba. A watan Oktoban 2000 kamfanin Titleist ya kawo ƙwallon Pro V1 gasar Las Vegas, 'yan wasa 47 suka koma kanta a mako guda, Billy Andrade ya ci gasar da ita. Kafin nan ƙwararru suna amfani da ƙwallo mai naɗaɗɗen zaren roba a ciki, mai yawan juyi a iska, abin da ke cinye nisa. Sabuwar mai dunƙulalliyar zuciya ce, tana tashi da ƙarancin juyi idan an buge ta da direba, tana kuma tsayawa idan an buge ta da gajeriyar sanda. Kaso mai tsoka na waɗancan yadi 26 nata ne.

Hukumomin wasan biyu, USGA da ke kula da Amurka da Meziko, da R&A ta garin St Andrews a Sikotland da ke kula da sauran duniya har da Najeriya, sun ga inda aka dosa, suka fara kafa shinge. A 1998 USGA ta ƙayyade ƙarfin sifirin ɗin fuska da wani ma'auni da ke nuna yawan gudun da ke saura bayan ƙwallo ta yi karo da sanda: kada ya wuce 0.830. Kan itace yana ba da kusan 0.78. Callaway ya yi tirjiya. A 2000 ya fitar da ERC II wadda ta ƙetare iyakar da gangan, har ya samu Arnold Palmer, mutumin da ake girmamawa fiye da kowa a golf ɗin Amurka, ya ce babu laifi masu wasan nishaɗi su yi amfani da ita. Maganar ta jawo wa Palmer suka mai zafi daga mutanen da suka daɗe suna ƙaunarsa, kuma a ƙarshe doka ce ta yi nasara.

A 2004 aka ƙayyade girman kai a kubik 460, tsawon sanda a inci 48, aka kuma sauya gwajin fuska zuwa wanda ake yi har yau. Ana sakin ɗan dunƙulen ƙarfe ya bugi fuskar, a auna tsawon lokacin da suka yi manne da juna. Iyakar ita ce 239 cikin miliyan na sakan guda, da rangwamen 18, wato 257. Wannan gwajin ne sandunan McIlroy da Scheffler suka faɗi, shi ne kuma ta Xander Schauffele ta faɗi a gasar Open ta 2019 a Royal Portrush. A 2006 aka ƙara da iyaka kan yadda kai zai iya jure murɗewa. Daga 2008 R&A ta ɗora iyakar fuska a kan kowa da kowa.

Abin da wannan ke nufi a fili yake. Duk direban babban kamfani da aka ƙera cikin shekara ashirin da suka wuce an kai ta bakin iyaka ne a tsakiyar fuska. Idan mutum biyu masu ƙarfin hannu ɗaya suka bugi ƙwallo daidai tsakiya, ɗaya da sandar 2015 ɗaya da ta bana, gudun da ƙwallo za ta tashi da shi kusan ɗaya ne, domin doka ta hana ya bambanta. Lissafin PGA Tour ma ya shaida haka: daga 2003 zuwa 2013 nisa kusan tsayawa ya yi cak a wajen yadi 287, alhali a cikin waɗannan shekaru kowane kamfani yana fitar da sabuwar sanda duk shekara, kowace da alƙawarin ƙarin nisa.

To ina injiniyoyi suka koma? Sun koma kan bugun da bai samu tsakiya ba, kuma a nan ne ci gaban gaskiya yake, wanda ya cancanci a yaba.

Idan ƙwallo ta taɓa fuska ta wajen baki ko ta wajen ƙota, kan sanda yakan murɗe kaɗan, gudu ya ragu, ƙwallo ta karkace. Maganin shi ne a nisanta nauyi daga tsakiyar kai. Duk wanda ya ga ɗan garuwa ɗauke da garwa biyu a bakin doguwar sanda ya san ba ya iya juyawa da sauri, saboda nauyin yana can nesa da kafaɗarsa. Haka maƙera ke yi: su yi rufin kai da zaren kabon mara nauyi, giram ɗin da suka tsira da shi su mayar da shi dunƙulen tangistin a can baya da ƙasa. Su kuma bambanta kaurin fuska, tsakiya da kauri gefe da siranta, don gefen ma ya riƙa cilla ƙwallo kusa da yadda tsakiya ke yi. Kamfanin Callaway ya ce kwamfuta ce ta zana fuskar Epic Flash ta 2019 bayan ta gwada dubban siffofi. TaylorMade ya yi fuskar Stealth ta 2022 da shimfiɗar kabon sittin. Ga mutumin da ke wasa ranar Asabar kawai, wanda a bugu goma sha huɗu na zagaye ba lallai huɗu su samu tsakiya ba, wannan gyara yana nufin ƙwallon da da ta faɗa ruwa yanzu ta tsaya a bakin ciyawa.

Amma ko a nan talla takan hau kan gaskiya ta yi mata ado. A Janairun 2024 Ping da TaylorMade suka fitar da sanduna masu lambar 10K, suna nuni da cewa juriyar murɗewarsu ta kai dubu goma. Iyakar doka 5,900 ce. Ba karya doka suka yi ba: doka tana auna murɗewa ta fuska ɗaya ce, daga baki zuwa ƙota, su kuwa suka haɗa ta da ta sama zuwa ƙasa suka tara. Lambar ba ƙarya ba ce, sandunan kuma sun fi na da kai ƙwallo miƙe. Sai dai mai saye da ya ga dubu goma zai zaci an ninka wani abu, alhali ƙarin da aka samu kan sandunan shekarun baya kaɗan ne.

Kasuwar ta taɓa nuna ƙarshen wannan hanya. A 2004 TaylorMade ya kawo r7 Quad mai ƙusoshin nauyi da ɗan wasa zai iya sauya wa wuri, a 2009 ya kawo R9 da ake iya kwance wuyanta a sauya kusurwar fuska. Waɗannan biyun dabaru ne masu amfani da kowa ya kwaikwaya. A 2011 sai ga R11, wadda abin da ya fi sayar da ita farin fenti ne. A 2012 sandar RocketBallz ta bugu daga ciyawa ta zo da alƙawarin ƙarin yadi 17. A 2013 kamfanin ya jero direbobi ɗaya bayan ɗaya cikin watanni, R1 da RBZ Stage 2 da SLDR da JetSpeed, har wanda ya sayi sabuwa da bazara ya tarar ta zama tsohuwa kafin sanyi. Shaguna suka cika da kayan kwantai. A 2014 shugaban Dick's Sporting Goods, babban kantin kayan wasanni a Amurka, ya koka cewa suna sayar da direba a dala 99 wadda ƙasa da shekara biyu baya take dala 299, kuma a watan Yulin shekarar kantin ya sallami ɗaruruwan ƙwararrun golf da ke aiki a rassansa. Nike ya daina ƙera sanduna da ƙwallo a 2016, duk da yana da Tiger Woods da McIlroy a hannu. Adidas ya sayar da TaylorMade a 2017 kan dala miliyan 425. Masu saye sun gaji da jin alƙawari, suna son gani a ƙasa: ba girin-girin ba, ta yi mai.

Nisan ƙwararru ya sake hawa bayan 2013, kuma dalilinsa yana da amfani ga mai son gyara wasansa. Kamfanin TrackMan na ƙasar Denmark, da aka kafa a 2003, ya ƙera na'urar rada da ke bin ƙwallo daga tashi zuwa sauka, tana faɗin gudun sanda, kusurwar tashi da yawan juyi. Da ita 'yan wasa suka gane cewa bugun ƙwallo yayin da kan sanda ke hawa sama, da rage juyi, yana ƙara nisa ba tare da ƙarin ƙarfi ba. Sai Mark Broadie, farfesa a jami'ar Columbia, ya zo da lissafin da ya rushe tsohon zance cewa a bakin rami ake cin gasa. A littafinsa na 2014 ya nuna cewa kusan kashi 28 cikin ɗari na fifikon manyan gwanaye daga bugun farko yake, kashi 40 daga bugun tunkarar rami, jefa ƙwallo rami kuwa kashi 15 kacal. Matasa suka shiga ɗakin motsa jiki. Bryson DeChambeau ya ƙara jiki da ƙarfi tsakanin 2019 da 2020, matsakaicinsa ya tashi daga yadi 302 zuwa 322, ya ci gasar US Open ta 2020 da ratar bugu shida. Babu direban da doka ta yarda da ita da ta taɓa ba ƙwararre yadi ashirin a shekara guda tun bayan kafa iyakoki. McIlroy ya kafa tarihin yadi 326.3 a 2023, kuma abin da ya bambanta shi da sauran gudun hannunsa ne, domin sandarsa ana sayar da irinta a kanti.

Ga masu wasan nishaɗi kuwa, R&A tana auna bugunsu a filayen Birtaniya tun 1996. A shekarar farko matsakaicin maza yadi 200 ne, a 2019 ya kai 216. Yadi goma sha shida cikin shekara ashirin da uku, kuma akasarinsa an same shi ne a shekarun farko, lokacin titaniyom da sabuwar ƙwallo. Da za a tara duk yadin da tallace-tallace suka yi alƙawari a wannan tsakani, da talakan ɗan golf ya wuce McIlroy. Wani abu da binciken ya nuna ya fi nisan ma daɗi: marasa ƙwarewa sun fi ɗaukar direba yanzu fiye da da, saboda sun daina tsoronta. Wannan riba ce ta gaske, kuma fasaha ce ta kawo ta.

Shi ya sa masu koyar da wasan da masu auna wa mutane sanda suka fi nanata dacewa a kan sabunta. Matsakaicin namiji mai wasan nishaɗi yana kaɗa direba da gudun mil 93 a awa, ƙwararre kuwa kusan 115. Mai gudun 93 da ya sayi sanda mai kusurwa takwas da ƙota mai tauri saboda ya ga gwaninsa da ita, ƙwallonsa ba za ta tashi sama yadda ya kamata ba, zai yi asarar nisa komai sabuntar sandar. A ƙara masa kusurwa, a rage tsawon ƙota da inci guda don ya riƙa samun tsakiya, sai ya ga canjin da sabuwar ƙira ba za ta ba shi ba. Sau da yawa idan mutum ya je kanti aka auna shi, ya fito da sabuwar direba yana murnar ƙarin yadi goma sha biyar, awon ne ya ba shi yawancinsu, don tsohuwar tasa tun asali ba ta dace da shi ba. Wanda ke riƙe da sandar shekara goma sha biyar zai ga bambanci na haƙiƙa idan ya sauya. Wanda tasa ba ta wuce shekara uku ko huɗu ba, kuma an auna masa ita, kuɗin nan ya fi amfani a hannun malamin da zai gyara masa tsayuwa da riƙo.

Lissafin ya fi nauyi ga 'yan golf na Najeriya, a filaye irin su Rayfield na Jos da ya samo asali tun zamanin haƙar kuza, da na Kano da Kaduna, da IBB na Abuja. Dala 600 a canjin 2025 ta kusa naira dubu ɗari tara kafin kuɗin kawowa, wato ta haura mafi ƙarancin albashi na shekara guda. Da yawa daga ƙwararrun ƙasar daga ɗaukar jakar manya suka fara, da sandunan gwanjo ko waɗanda iyayen gidansu suka bar musu suka koyi wasa, kuma hakan bai hana su bugu mai nisa ba. A lokacin rani ƙasa takan bushe ta yi tauri, ƙwallo ta yi ta gangarawa bayan ta sauka, a Jos kuma tsayin wurin da ya haura mita 1,200 yana sa iska ta yi sauƙi ƙwallo ta ƙara tafiya. Abin da ya fi cancantar tsoro a kasuwar gwanjo shi ne jabu, domin ana kwaikwayon manyan sunaye da fenti iri ɗaya amma ƙarfe daban, da kuma fuskar da ta fara tsagewa.

A can sama kuwa, damuwar hukumomi ita ce nisan ya yi yawa. Filin Augusta, inda Tiger Woods ya ci Masters a 1997 da ratar bugu goma sha biyu, tsawonsa yadi 6,925 ne a lokacin, yanzu ya haura 7,500. Sai da masu filin suka sayi ƙasa daga maƙwabta kafin su ja rami na 13 baya da yadi 35 a 2023. A St Andrews, wurin bugun farko na rami na 17 an fitar da shi wajen tsohuwar iyakar filin tun 2010. Ƙarin tsawo yana nufin ƙarin ƙasa, ƙarin ruwan ban ciyawa, da ƙarin lokacin zagaye, kuma ba kowane fili ke da kuɗin Augusta ba.

A Disambar 2023 USGA da R&A suka sanar da matakinsu, kuma ƙwallo suka kama, suka bar sanda. Za a riƙa gwada ƙwallo da injin da ke kaɗa sanda a gudun mil 125 maimakon 120, amma iyakar nisa ta tsaya a yadi 317, abin da zai tilasta a ƙera ƙwallo mai ƙarancin gudu. Kamar yadda aka tsara a lokacin, dokar za ta fara kan ƙwararru a 2028, ta kai ga kowa a 2030. Hukumomin sun ƙiyasta masu bugu mafi nisa za su rasa yadi 13 zuwa 15, masu wasan nishaɗi biyar ko ƙasa da haka. Masu ƙera ƙwallo, Titleist a kan gaba, sun nuna adawa.

A cikin sanarwar akwai wani sashe da kamfanonin sanduna suka karanta da kyau. Hukumomin sun ce za su ƙara sa ido kan fuskokin da ke yin laushi su ƙetare iyaka bayan an daɗe ana bugu da su, za su kuma ci gaba da nazarin yadda direbobin zamani ke rufa wa ɗan wasa asiri idan bai samu tsakiya ba. Hujjarsu ita ce, a matakin ƙwararru, samun tsakiyar fuska gwaninta ce da ya kamata a saka wa mai ita, kuma kai mai kubik 460 ya sa kowa na iya kaɗawa da iyakar ƙarfinsa ba tare da fargaba ba. Idan suka taɓa wannan ɓangare, sun taɓa wurin da injiniyoyi suka shafe shekara ashirin suna aiki a kai, kuma shi ne wurin da mai wasan Asabar ya fi ƙwararre buƙata.